Ranar da Tumatirin Nomau Ya Hau Jirgi

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai saukar da ruwa, Mai fitar da amfanin gona.

A ranin shekarar da aka canja launin kuɗi, mutane suka yi ta wuni a layin banki da tsofaffin takardu a aljihu, ina da shekara tara a sana'ar ɗaurin kwandon tumatir a bakin titin Zariya, tsakanin Kura da Kadawa. Abin da ya tayar da wannan magana, kwanan baya wasu samari a rumfarmu suka duba waya, ɗaya ya ce da ni, "Baba Habu, daga Kano zuwa Fatakwal awa ɗaya da rabi ce kawai a jirgi. Ai ko a buhu ka zuba tumatir zai isa lafiya. Mene ne abin koyo a nan?" Na yi dariya, domin ni ma na taɓa faɗin haka da bakina, kuma kwando ashirin na wani bawan Allah ne suka tafi a kan wannan magana.

Ku kuna ganin aikinmu zuba tumatir ne a kwando a rufe. A hannun Baba Gambo na Bunkure na koya, Allah Ya ji ƙansa, kuma shekarata ta farko a wurinsa ko tumatir ɗaya bai bari na taɓa ba. Busasshiyar ciyawa nake shimfiɗawa a gindin kwando, ina yanka takardar siminti ta rufi, ina murza igiya. Kayan aikinmu ke nan, sai wuƙa da basilla. Idan na shimfiɗa ciyawa yakan zura hannu ya shafa, in ya ji kara ɗaya mai tsini sai ya juye duka ya ce in sake. A shekara ta biyu ya nuna mini jeri: masu tauri a ƙasa, hancin kowane yana kallon ƙasa don kada ya soki na samansa, kuma ba a cika kwando har ya yi tozo, domin wani kwandon za a ɗora a kai.

Amma asalin sana'ar a ido take. Duk wanda ya zo da lodi, kafin a gama gaisawa Baba Gambo zai tambaye shi, "Kwana nawa?" Idan Kano za a kai, ja jawur ake tsinka. Idan Kaduna ne ko Jos, wanda ya yi ja amma bai saki jiki ba. Idan kudu ne, tafiyar kwana uku ko huɗu a babbar mota, to sai wanda ya ƙosa yana kore, ja ya fara leƙowa a gindinsa, domin a hanya zai ƙarasa nuna, ya isa kasuwa ranar da ya fi kyau. Akwai wata 'yar kasuwa daga Ibadan da takan zo kowane rani, ba ta jin Hausa sai lissafi da zagi. Ta taɓa juye kwando bakwai da na ɗaure a gaban jama'a, tana neman ruɓaɓɓe ko ɗaya a ƙasa. Ba ta samu ba. Daga ranar ba ta yarda kowa ya ɗaure mata kaya sai ni, kuma daga nan sunana ya fara tafiya.

Akwai kuma doka ɗaya da ba a karyawa: ba a tsinkar tumatir da raɓa a jikinsa. Idan ya shiga kwando da danshi, ruɓewa zai yi. Saboda haka sai hantsi ya ɗaga ake shiga gona. Ku riƙe wannan, don ita ce ta kayar da ni.

A wancan ranin tumatir ya yi yawan da ban taɓa gani ba. Ruwan Tiga ya wadata, kowa ya shuka, kowa ya samu, har ya zama kwandon da babu komai a ciki ya kusa fin abin da ake zubawa a cikinsa daraja. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa, Alhaji Isyaku, ya tsaya a rumfata. Shi yake kai kayan miya wani gidan abinci na ma'aikatan mai a Fatakwal. Ya ce mai dafa abincin wurin ya gaji da tumatirin da ya nuna a cikin mota, yana son wanda ya nuna a jikin uwarsa, kuma sun yarda a kai musu ta jirgi. Ya ce, "Mil ɗari biyar ne ta sama, Malam Habu. Ta ƙasa ya haura ɗari shida, kwana uku. Jirgi awa ɗaya da rabi yake yi. Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata zai tashi. Ni zan riga ka zuwa can, direbana zai kai ka filin jirgi."

Na je na gaya wa Baba Gambo, lokacin ya tsufa, ya daina ɗauri sai kallo. Ya ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Baba, ai wannan babu kwana. Awa ɗaya da rabi ce."

Ya ce, "Daga ina zuwa ina?"

Na ce, "Daga Kano zuwa Fatakwal mana."

Ya dube ni, ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a."

Gonar da na zaɓa ta Nomau ce, wani dattijo daga wata unguwa a yammacin Kura. Gidansu na cikin gidajen da suka riƙe al'adar kaka da kakanni, ba ya duba agogo, ba ya lissafi da lokutan salla, da inuwa yake sanin lokaci. Amma duk yankin babu mai tumatir kamar nasa, manya, masu nama, ga kauri. Da na gaya masa kayansa zai hau jirgi sai ya ajiye fartanya ya ce, "Malam, kana nufin wannan da yake wucewa ta kan gonata yana razana mini jaki?" Na ce shi fa, domin jirgin kudu in ya tashi daga Kano ta kanmu yake bi. Ya ce, "Ni ko jirgin ƙasa ban taɓa shiga ba. To, tumatirina ya riga ni."

Ranar Talata muka jira raɓa ta bushe kamar yadda muka saba. Muka tsinke ja jawur, kwando ashirin, na ɗaure su ɗaurin da ban taɓa yin irinsa ba. Muna gamawa ƙarfe goma ta wuce. Direba ya ce mun makara, na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ni a sanina, idan aka ce mota za ta tashi sha ɗaya, to bayan azahar ake nufi, kuma ban taɓa ganin direban da ya bar lodin kwando ashirin a ƙasa ba. Mun shiga gari ke nan, muna tsakiyar cunkoso, sai na ji ƙara. Na leƙa, ga shi can ya ɗaga hanci ya nufi kudu.

Mai awon kaya a filin jirgi ya dubi kwandunan ya girgiza kai. Ya ce ko da ƙarfe goma muka zo ba zai karɓa ba, domin awa biyu kafin tashi ake rufe karɓar kaya. Ya ce kuma ba a sa kwando a jirgi, yana yoyo, sai kwali. Na ce yaushe wani zai tashi? Ya ce sai Juma'a. Muka zaga kasuwannin gari, ko'ina a cike, babu mai son nunanne da ba zai kwana biyu ba. Dole muka juyo da shi.

Abin da ban sani ba, Nomau ya tara mutane a gonarsa tun safe. Har surukinsa ya zo daga Madobi a kan keke. Da jirgi ya wuce ta kansu ya cire hula ya nuna sama ya ce, "Ga nawa can!" Mata suka yi guɗa. Ba su gama watsewa ba, wajen la'asar, sai ga a-kori-kurarmu ta tsaya a bakin gona da kwando ashirin, ruwa yana ɗiga ta bayanta.

Wani maƙwabcinsa, Tanko, wanda suka daɗe suna jayayya a kan ranar ban-ruwa, ya zagaya motar sau biyu ya ce, "Kai, jirgin zamani! Har ya je ya dawo? Sannu da sauka, Nomau Jirgi."

Daga ranar sunan ya bi shi. A kasuwa, a wurin biki, a bakin kanal ɗin ban-ruwa, sai ka ji an ce Nomau Jirgi ana shewa. Da jama'a suka tafi na ce masa ya faɗi abin da zan yi. Ya ce, "Malam, tumatir ba ya damuna, gona tana nan, za a yanka a shanya. Amma na tara mutane na nuna musu sama, har surukina. Wannan shi nake bin ka. Ranar da tumatirina ya hau jirgin nan da gaske, ranar muka rabu."

Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Labari ya kai ko'ina cewa Habu ya tsinke nunanne ya dawo da shi miya. Alhaji Isyaku ya daina tsayawa a rumfata. Sauran ranin ban ɗaure kwando ɗari ba, ni da nake ɗaure fiye da haka a rana guda. Na koma yankan alkama a gonakin mutane, da damina na yi ƙodago.

Da ruwa ya ɗauke na koma wurin Baba Gambo na ce, "Baba, na gane tambayarka." Ya ce, "To, amsa." Na ce, "Daga hannun mai tsinka zuwa wuƙar mai yanka." Ya ce, "Da ka faɗi haka a lokacin da ban bar ka ka tafi ba sai mun lissafa. Amma na ga jirgin ya riga ya tashi da kai."

Aikin da na yi bayan nan shi ne wanda ba ku gani a waya. Talata huɗu da Juma'a huɗu ina hawa motar haya in tafi filin jirgi ba tare da kaya ba. Na nemi mai awon nan, na kai masa albasa da tattasai, ya bar ni ina zama a kan benci kusa da sikelinsa. Ban yi boko ba, amma mahaifina ya ba ni ajami, kuma na ari agogon hannu. Duk abin da na gani na rubuta shi a bayan takardar siminti: lokacin da ake buɗe awo, lokacin da ake rufewa, tsawon zaman da kaya ke yi a rana kafin a tura su cikin jirgi, ranakun da jirgi ya yi jinkiri da iya jinkirin. Na tambayi masu dawowa daga Fatakwal tsawon jiran kaya a can, da nisan filin jirginsu daga cikin gari, suka ce da 'yar tafiya. Na auna hanyarmu ma, daga gonar Nomau zuwa kwalta, daga kwalta zuwa gadar Tamburawa, daga nan zuwa ƙofar filin jirgi, da safe da kuma da hantsi.

Da na haɗa duka sai abin ya fito fili. Kaya dole su bar gona ana idar da sallar asuba, lokacin raɓa tana kwance, ke nan ba za a tsinka ranar ba. Sai dai a tsinka da la'asar ɗin jiya, rana ta yi sanyi, ganye a bushe. Daga wannan la'asar zuwa lokacin da mai dafa abinci zai sa wuƙa, kwana guda ne cif. Ashe tafiyar awa ɗaya da rabi tafiyar kwana ɗaya ce, lodin Kaduna ke nan, ba lodin Kano ba. A ƙasan lissafin na ƙara awa guda da babu aikin komai a cikinta, na rubuta a gefenta: wannan ta Allah ce.

Da tumatirin farko ya fito na gwada. Na samo kwalayen sabulu, na shanya su kwana uku warin ya fita, na huda su da basilla a kowane gefe don iska. Na jera tumatir hawa biyu kacal, ciyawa a tsakani, kwali uku da nuna iri uku. Na ajiye su a inuwa, na fitar da su rana gwargwadon zaman da za su yi a filin jirgi, na buɗe washegari da la'asar. Na tsakiya ne ya ci, wanda ya yi ja ko'ina amma in ka danna da yatsa yana turo ka.

Alhaji Isyaku ya yi allo, yana karanta ajami. Na tare shi a Garun Malam na miƙa masa takardar. Ya karanta a tsaye, ya kai ƙasa ya yi murmushi ya ce, "Wannan awar ta ƙarshe ita ta sa zan sake gwada ka. Amma da kai za a tafi, ka ga saukar kayanka da idonka. In sun lalace, a mota za ka dawo."

Nomau ya fi wuyar shawo kai. Ya ce, "Malam, sunan da ka jawo mini bai ishe ka ba, ƙari za ka yi?" Na ce, "Baba Nomau, kai ka ce kana bi na. Na zo biya, ka ce ba ka karɓa?" Ya ce, "Bana ba na tara kowa." Na kafa masa kara a kan kunya, na ja layi a ƙasa na ce idan inuwa ta taɓa nan ya ɗaga kai. Kowane kwali ya sa an yi masa zane uku da gawayi, shaidar da yake yi wa buhunansa.

Ranar Litinin da la'asar muka tsinka, muka baza a kan tabarmi a ƙarƙashin rumfa ya sha iska. Talata muna sallame asuba na jera kwali talatin, muka tashi gari bai gama wayewa ba. Muna hawa gadar Tamburawa tayar baya ta fashe. Direba ya sauko da safaya, ita ma babu iska. Ya fara salati yana zagaya mota. Na duba agogo, na ce ya cire tayar ya tare duk abin da ya samu ya kai ta faci, ni zan tsaya da kaya. Na lulluɓe kwalayen da tabarma na zauna ina jan carbi. Minti hamsin ya yi kafin ya dawo. Muka isa wurin awo saura minti goma a rufe. Mai awo ya ɗaga kwali ɗaya, ya leƙa ta huda, ya ce, "Yau ka zo da kayan jirgi, Malam."

Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Na yi addu'ar tafiya, na riƙe kujera. Ya ruga, ya ɗaga, kafin in gama tasbihi na leƙa ta taga sai ga yankinmu a shimfiɗe kamar tabarma, kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, kanal yana sheƙi kamar zare, can gaba ga ruwan Tiga. Hanyar da muka sha wuya a kanta da safe, ban ƙirga minti biyar ba ya wuce ta. Na duba agogo da ya tashi, na duba da tayarsa ta taɓa ƙasa: awa ɗaya da minti ashirin da biyar. Na yi asuba a Kura, na yi azahar a Fatakwal a gindin bishiyar kwakwa.

Jiran kaya da shiga gari suka ci awa biyu da wani abu, kamar yadda takardata ta faɗa. Mai dafa abincin, wani ƙato mai farar hula doguwa, ya buɗe kwali ɗaya, ya ce a buɗe duka talatin. Guda huɗu kawai suka fashe. Ya yanka ɗaya, ya barbaɗa gishiri, ya cinye a tsaye, ya ɗauki na biyu. Ya yi wa Alhaji magana da Turanci. Alhaji ya juyo ya ce, "Ya ce kowace Talata da Juma'a, kuma daga wannan gonar mai zane uku." Rani huɗu muka yi muna wannan aiki, manoma tara suka shigo ciki, jirgi bai sake barinmu ba ko sau ɗaya.

Na dawo ranar Juma'a. Na roƙi kwali guda daga cikin namu, da takardar jirgi manne a jikinsa, na cika shi da kwakwa. Ban biya gida ba, gonar Nomau na nufa. Ashe duk da bai gayyaci kowa ba, ranar Talata Tanko ya ga fitar motarmu, ya tara mutane a bakin hanya don a sake dariya. Jirgi ya wuce, suka zauna jiran a-kori-kura. Ta dawo da azahar babu komai a bayanta sai tabarma. Tanko ya ce wataƙila a rafi muka zubar. Saboda haka da suka ji na sauka, kowa ya biyo ni.

Na ajiye kwalin a gaban Nomau. Ya shafa zanensa uku. Ya shafa takardar jirgin, ya sa wani malamin makaranta ya karanta da ƙarfi: daga Kano zuwa Fatakwal. Ya buɗe, ya ɗauki kwakwa ɗaya ya fasa da ƙotar fartanya, ya miƙa wa Tanko ɓarin farko.

Ya ce, "Ci, Tanko. A rafin da muka zubar ta fito."

Aka bushe da dariya. Tanko ya karɓa yana tauna, ya ce, "To, Nomau Jirgi, Juma'a mai zuwa akwai wurin kwali biyar nawa?"

Nomau ya ce, "Wannan sai ka tambayi Malam. Amma sunan ka ci gaba da kira, yanzu ina amsawa."

Sannan ya cire takardar jirgin a hankali, ya naɗe ta ya sa a cikin hularsa. Ya kama hannuna a gaban mutane ya ce, "Malam Habu, inuwa tana taɓa layin nan jirgin ya iso. Na ɗaga kai ni kaɗai, ban ce wa kowa komai ba. Abin da nake bin ka ya fita. Mun rabu."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Muka zauna a kan kunya muka ci kwakwa, sannan na tashi na shiga gona duba tumatirin da za mu tsinka ranar Litinin.